Bayan Katangar Coci Akwai Masu Jin Yunwa

Duk ranar Lahadi, da an tashi daga sujada a Sabon Garin Gusau, akwai wani taro na biyu da ke jira a waje. Mata ne, yawancinsu da goyo, wasu da yara riƙe da gefen zane. Suna rakuɓe a inuwar katanga, nesa kaɗan da bencin 'yan sandan da ke gadi, don sun san idan suka matso bakin ƙofa za a kore su. Hijabansu sun koɗe, dugadugansu sun yi faso, Hausarsu kuma ta mutanen Magami da Wanke da ƙauyukan Tsafe ce. Masu fitowa sun sha ado, ana gaisawa, ana tayar da babura. Wani ya miƙa naira hamsin, wani ya kau da kai, wata ta ja hannun ɗanta ta ce ya yi sauri. A nan na ji wani dattijo, mutumin kirki wanda na san ba marowaci ba ne, yana ce wa na kusa da shi: "Su je wurin mutanensu mana. Ina hukumar zakkarsu?"

Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Tana kuma da 'yar'uwa a ɗaya ɓangaren, inda za ka ji ana gargaɗin mata a unguwa cewa kada su kuskura su karɓi kayan coci, tarko ne. Ni Kirista ne, Bahaushe, ɗan jihar nan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka da gidanmu zan fara, a kansa kuma zan fi daɗewa.

1. Ina mutanen nata suke?

Kafin a ce ta je wurin mutanenta, ya kamata a tambayi halin da mutanen nata suke ciki. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce matar nan tana da rumbu da awaki, mijinta yana noma gero da dawa da wake, yana kai amfani kasuwar Tsafe. Tun harin Kizara a 2013, inda aka kashe mutum 48 a ƙaramar hukumar Tsafe, da na 'Yargaladima a 2014 da ya ci rayuka sama da ɗari, ƙauyukanmu ba su ƙara samun kwanciyar hankali ba. An kore shanun huɗa. An ɗora wa gari haraji kafin shuka, an sake ɗora wani kafin girbi. An sace miji, an sayar da gona an haɗa kuɗin fansa, an ƙara da sabon babur da katin waya, wani lokaci kuma bayan duk wannan gawa ake karɓowa. A Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan waya ta rufe kasuwannin mako-mako don ta matse 'yan bindiga, matsin kuwa talaka ya fi jin sa a jikinsa. Wanda ya rasa komai sai ya nufo Gusau, ya raɓe a kangon gini ko a gidan wani ɗan'uwa da shi ma da ƙyar yake cin sau biyu.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, wato abinci da lafiya da ilimi da muhalli, a Zamfara kuwa kusan mutum 78 cikin ɗari. Wannan a ƙasar da ke kwance a kan zinari, zinarin da gubar dalmarsa ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Hukumar Zakka da Waƙafi tana nan tana yin nata, amma ko ta ninka ƙoƙarinta sau goma ba za ta ɗauke wannan kaya ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Ta wace ƙofa coci ya shigo ƙasar nan?

Matasanmu da yawa sun ɗauka da gini da lasifika coci ya fara. Su tambayi tsofaffi. A zamanin Turawa gwamnati ba ta sakar wa 'yan mishan mara su yi wa'azi a masarautun Musulmi ba. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta marasa lafiya, kuma marasa lafiyar da kowa ke gudu. A 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM, wadda daga baya ta haifi ECWA a 1954, kula da zangunan masu cutar kuturta na larduna: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. A lokacin Gusau da Tsafe da Bungudu duk a Lardin Sakkwato suke. Mai kuturta a wancan zamani ko danginsa ba sa haɗa akushi da shi. Waɗanda suka durƙusa suna wanke masa gyambo suna ɗaure masa ƙafa sun san sarai ba ɗan cocinsu ba ne, domin kusan duk masu jinyar Musulmi ne ko Maguzawa. Haka asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, haka asibitin Galmi a Nijar da ya fara aiki a 1950, wanda har gobe mutanenmu ke ƙetara iyaka su je.

Ta ɓangaren Katolika kuwa, Gusau ce ma cibiyar farko a duk yankin. Jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo ma'aikata daga kudu da cinikin auduga da gyaɗa. A 1953 limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka suka karɓi aikin yankin Sakkwato, a Gusau kuma suka kafa zama, ƙarƙashin Edward Lawton wanda ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. A 1956 sistoci daga garin Great Bend na jihar Kansas suka biyo baya, suka kama aikin shan magani da karɓar haihuwa da koyarwa. Ƙungiyar sistoci 'yan Najeriya da ta tsiro daga cikinsu har yau da sunan Gusau ake kiranta. Akwai tsofaffin mata a Kanwuri da Tudun Wada da idan aka ce "asibitin mishan" za su tuna ɗan da suka haifa a can, ba su kuwa taɓa taka ƙofar coci ba.

Ba zan yi wa tarihi kwalliya ba. 'Yan mishan sun zo ne da burin mutane su karɓi bishara, ba su ɓoye ba. Wasu yaran da suka tashi a hannunsu sun canza addini, abin kuma ya bar tabo a zukatan iyalai, tabon da har yanzu yake cikin maganar nan ta "tarko ne". Amma dubban da aka yi wa magani suka koma gida da sallarsu da azuminsu su ma shaida ne. Ba a hana su allura don sun ƙi shiga sujada ba.

Wannan aiki kuwa daga tsakiyar bangaskiyarmu ya fito. Duk yaron da ya yi makarantar Lahadi ya san labarin da Yesu Almasihu ya bayar na mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka yi masa jina-jina suka bar shi. Manyan addini biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki, Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ke ƙyama saboda bambancin asali da na ibada. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tsafe zuwa Yankara gabansa yana faɗuwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. A wani wurin kuma Almasihu ya nuna cewa a ranar shari'a za a tambaye mu game da mayunwaci da baƙo da marar sutura da marar lafiya da ɗan kurkuku. A cikin jerin nan babu inda aka ce a fara duba katin baftisma. To a Zamfara, inda Kirista tsiraru ne, wane ne maƙwabcin da ake nufi? Idan muka ce sai namu, mun taƙaita umarnin Ubangiji a kan mutum ɗaya cikin masu yawa, mun bar sauran a kwance a bakin hanya.

3. Yadda katanga ta yi tsawo

Akwai dalili, kuma dalilin ba ƙarami ba ne. A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka shiga gidan Fada Mikah Suleiman na cocin Saint Raymond da ke Damba a nan Gusau suka tafi da shi, sai da ya yi makonni a hannunsu. Kafin nan an kashe Michael Nnadi, ɗalibin limanci na yankin Sakkwato mai shekara 18, a 2020, an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi a 2021. A ƙarshen shekarar ne aka yi ta maganar wasiƙar barazana da ta ce a rufe majami'u a jihar nan. Ba mu manta da Talata Mafara a Agustan 2016 ba, lokacin da zargin ɓatanci ya kai ga ƙone gida mutum takwas suka mutu, ba mu kuma manta da kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022 ba. Ga tsofaffin ƙorafe-ƙorafe da ba su tsufa ba: wahalar samun izinin fili don gina majami'a, rashin malamin darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da Bahaushen da kakanninsa ke kwance a ƙasar nan amma idan ya faɗi sunansa na baftisma sai a tambaye shi daga wace jiha ya zo. Mutanen da suka ga wannan, idan suka ƙara wa katanga bulo suka sa waya a kai, ban ga laifinsu ba.

Abin da nake tambaya shi ne me muke yi a cikin katangar. A zauna a lissafa baikon da ake karɓa a shekara: na Lahadi, na zakka, na godiya, na gini, na bikin kaka da gwanjonsa, na sayen mota, na taron gunduma, na tarbar babban baƙo. Sai a tambayi ma'aji kashi nawa ne ya fita ya taɓa wanda ba mamba ba. A ikilisiyoyi da dama amsar za ta sa dattawa su sunkuyar da kai. Muna cire daɓen siminti mai kyau mu sa tayil, muna ƙara lasifika a kan lasifika, alhali a bayan ginin akwai yaron da tamowa ta kumbura wa ƙafafu.

Makarantu ma haka. Makarantar mishan ta da ita ce ta ɗauko ɗan manomi da ɗan lebura ta mai da shi malami ko ma'aikacin jinya. Gwamnati ta karɓe irin waɗannan makarantu a shekarun 1970. Da majami'u suka dawo harkar ilimi, da yawa sun dawo ne a matsayin 'yan kasuwa. Yau za ka ga mai gadin coci da mai share shi ba za su iya biyan kuɗin makarantar da ke harabar cocin ba, makarantar da da baikonsu aka gina ta. Ina fahimtar cewa malamai sai da albashi, janareta kuma sai da mai. Amma makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu, ba ta da kujera ko goma a kowane aji ta marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira, sai ta sake duba sunan da ta rubuta a allon ƙofarta.

Mafi muni shi ne wa'azin nan na "shuka iri" da ya shigo mana, wanda ake ce wa talaka ya kawo ɗan abin da ke hannunsa Allah zai ninka masa kafin wata ya mutu. Gwauruwa mai tuyar ƙosai ta kwashi jarinta ta kai gaban bagade, mako ya zagayo ba ta da kuɗin wake da mai, a ce mata bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Wannan zalunci ne, kuma da sunan Allah ake yin sa. Cocin da ke cin jarin matalautansa ba shi da bakin yi wa gwamnati wa'azi a kan cin amana.

Duk da haka akwai alheri a gidan, kuma mafi yawansa a hannun mata yake. Wanda bai taɓa ganin zumuntar mata a bakin aiki ba bai san ƙarfin coci ba. Ranar taronsu kowace ta zo da abin da ta iya, wata tiyar masara, wata sabulu, wata kwalbar manja, a tara a kan tabarma a gaban shugaba, sakatariya tana rubutawa a littafi mai bangon kwali. Kafin a watse an san wadda ta haihu, wadda mijinta ke kwance, wadda aka koro ɗanta don kuɗin jarrabawa, an kuma raba waɗanda za su je. Suna adashe, suna ba juna jari, babu ofis babu motar aiki, kuma ba kasafai kwabo ke ɓata ba. Akwai kuma ƙungiyar agaji ta Caritas da hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta Katolika, akwai mishan ɗin masu kuturta da har yanzu take aiki a jihar nan, akwai masu bishara a karkara da suke raba ɗan hatsinsu da maƙwabta ba tare da wani ya ji ba. Ƙwarewar tana nan. Abin da ya rage shi ne a buɗe mata ƙofa ta fita unguwa.

4. Buhun shinkafa ba ya mai da mutum gonarsa

Ko da kowane coci a Gusau ya raba abinci duk mako, ba a taɓo tushen matsalar ba. Manomin Bungudu ba malalaci ba ne, raba shi aka yi da gonarsa. Talaucinsa ɗan zalunci ne: zaluncin mai bindiga, da na mai kai masa bayani da man fetur, da na jami'in da aka kira tun dare bai zo ba sai da hantsi, da na wanda ya karkatar da kayan agaji zuwa shagonsa. Annabawan da muke karantawa, irin su Amos da Ishaya da Mika, sun fi ɗaga murya a kan alƙalin da ke karɓar toshiya da attajirin da ke tauye mudu fiye da komai, har suka ce Allah ba ya karɓar ibadar mutanen da ke tattake matalauta.

Coci a duniya ya san wannan aiki. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikaci da albashin da zai riƙe iyali. A ƙasar El Salvador, Akbishop Oscar Romero ya mai da wa'azinsa na Lahadi, wanda ake watsawa a rediyo, wurin karanta sunayen talakawan da aka kashe ko aka ɓatar a makon, har aka harbe shi yana tsakiyar ibada a ranar 24 ga Maris, 1980. A nan gida muna da Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda yake jagorantar Katolikan Sakkwato da Zamfara tun 2011. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya tayar da ƙura har wasu suka ce ya nemi afuwa ko ya bar Sakkwato. Mutum yana iya saɓa masa a kan wata kalma ko wani salo, amma ba za a ce ya ga kisan talakawan Arewa ya yi shiru ba, kuma tare da Janar Abdulsalami Abubakar yake aikin kwamitin zaman lafiya da ke sa 'yan takara su sa hannu kafin zaɓe.

Mu na ƙasa fa? Muryarmu takan yi ƙarfi idan namu aka taɓa, takan dushe idan na wasu ne. Da aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da aka ɗauke Sarkin Bungudu Hassan Attahiru a shekarar, da aka kwashi masallata ranar Juma'a a Zugu a 2022, da aka shiga ɗakunan ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida a Satumbar 2023, kowane fasto ya tambayi kansa ko ya tsayar da sujada ya ambaci mutanen nan, ko dattawansa sun ɗauki ƙafa sun je jaje. Wasu sun yi, Allah Ya saka musu. Da yawa sun ce a bar kaza cikin gashinta. Alhali abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma mai bindigar da ya shiga masallaci shi ne ya shiga gidan Fada a Damba.

Akwai kuma wanda kusan babu mai yi masa magana, wato Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, aka tare shi a kasuwa aka kashe don kamanninsa, aka kore shanunsa, aka ƙone rugarsa. Duk mai gaskiya a Zamfara ya san irin wannan ɗaukar doka a hannu tana cikin abin da ya hura wutar nan. Haka fararen hular da jirgin yaƙi ya hallaka a Mutumji a Disambar 2022. A wannan rikici coci yana da wani matsayi da ba kowa ke da shi ba. Ba shi da ɗan takarar gwamna, ba ya jiran kwangila, kuma ba ya cikin tsohuwar gabar manomi da makiyayi a jihar nan. Ƙanƙantarsa ita ce za ta sa a yarda da shaidarsa, idan ya bayar da ita a kan kowa.

Shaidar tana da nauyi na musamman yanzu, domin kunnen duniya a buɗe yake ga coci. A Oktoban 2025 gwamnatin Amurka ta sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, ana ta maganar kisan Kiristoci. Jinin da aka zubar a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna gaskiya ne, ba na rage masa komai. Amma duk Kiristan da aka miƙa wa makirufo a Abuja ko Washington ya yi maganar Zamfara, amana ce a wuyansa ya faɗi cewa mafi yawan waɗanda ake kashewa a nan Musulmi ne talakawa. Wanda ya ambaci Damba ya tsallake Kizara ya ba da rabin shaida, rabin shaida kuwa ƙanwar shaidar zur ce, wadda dokokin Musa suka hana mu.

Aikin ba sai da zanga-zanga ba. A cikin ikilisiyoyinmu akwai lauyoyi da ma'aikatan jinya na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da malaman jami'a da 'yan jarida. Za a iya buɗe littafi a riƙa rubuta sunan duk wanda aka kashe ko aka sace, da garinsa da ranar, ko wane ne shi, don kada gobe a ce ba a yi ba. Lauya ɗaya da zai ba da yini ɗaya a wata ga masu jiran shari'a a gidan yarin Gusau zai fitar da mutanen da tarar 'yan dubbai ta riƙe. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona tana buƙatar wanda zai raka ta gaban alƙali.

5. Ga 'yan'uwana Musulmi

Zarginku yana da tushe, na faɗi tushen a sama, kuma mu ne ya kamata mu kawar da shi da halinmu. Duk taimakon da coci zai bayar ya zama babu sharaɗi. Kada a cusa takardar wa'azi a cikin buhu. Kada a jera mata a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook. Kada a raba maraya da danginsa da sunan riƙo. A kai kayan inda mabukata suke, ta hannun mai unguwa da liman, su tsaya a raba a gabansu. Wanda ya sayi imanin mayunwaci da shinkafa ya ci mutuncinsa, ya kuma ci mutuncin bisharar da yake ɗauke da ita.

Ku ma ina roƙonku ku tuna da abin da kuka fi ni sani. Lokacin da aka tsananta wa sahabban farko a Makka, Habasha aka tura su, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda an san ba a zaluntar kowa a ƙasarsa, suka zauna a can da addininsu. A zamaninmu kuma, a Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a faɗa da juna, tun 1995 suke aikin sulhu tare. Saboda haka kada a kunyata matar da ta karɓi magani a hannun sista, kada kuma a ɗauki maƙwabcinku Kirista baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Gwamnatin Dauda Lawal ta duba batun filayen ibada da darasin addini a makarantu da idon adalci, ta kuma sa wakilan majami'u cikin kwamitocin agaji na ƙananan hukumomi, domin suna da mutane masu iya lissafi da riƙon amana.

6. Kafin ruwan shuka

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN na jiha, da bishop-bishop da fastoci da dattawan kowace ikilisiya a Gusau da Tsafe da Bungudu. A taron kasafin kuɗi mai zuwa, a yanke wani kaso sananne daga baikon shekara, ko da ɗaya cikin goma ne, a ce wannan na wajen katanga ne, ba za a taɓa shi don gini ko biki ba. A damƙa shi a hannun zumuntar mata, su nemi takwarorinsu na unguwa su zaɓo gidajen da suka fi galabaita. Mace ta samu jarin awara ko ƙuli-ƙuli, manomin da ya samu aron fili a gefen gari ya samu iri da taki kafin ruwa ya sauka, yaron da tamowa ta kama a kai shi asibiti da wuri. Fasto ya tashi da kansa ya je zauren limamin unguwarsa a cikin makon nan su zauna su tsara. A ƙarshen shekara ma'aji ya miƙe a gaban jama'a ya karanta nawa aka tara, nawa aka kashe, da gida nawa abin ya kai.